Kundin neman kuɗin gyaran firamare: inda aka kwana a kowane mataki

Ƙaramin kwamitin ayyuka na SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, shi ke rubuta wannan kundi bayan kowane zama. An cire sunan makarantar da na jami'ai. Gine-gine uku ne a harabar: Gini A mai aji uku, wanda aka yi a zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, Gini B mai aji biyu, da Gini C mai aji biyu da ofishin hedimasta.

20 ga Mayu, 2024

Iskar farkon damina ta daren Alhamis ta ɗauke rufin Gini B. Ba yagewa kwanon ya yi ba, rufin ne ya tashi ɗungurungum, da katako da kwano, ya sauka a bayan masai. Da yake dare ne, babu wanda ya ji ciwo.

Kafinta da birkila sun hau sun duba saman bango. Babu kankaren ɗamara, wato wanda ake zubawa a kewaye saman bango don ya ɗaure shi, an dai shimfiɗa katako a kan layin bulo na ƙarshe aka ɗaure shi da siririyar wayar ɗaurin rodi. Wayar ta yi tsatsa, gara ta cinye bakin katakon, silin ɗin baranda kuma ya daɗe da zubewa, don haka iska ta samu ƙofar shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi. Bangon kansa lafiya lau yake.

An ɗauki hotuna ta kowace kusurwa kafin a taɓa komai, an tattara kwanon da zai moru an kulle a ofis, domin kwanon makaranta da ya kwana biyu a fili ba ya kai na uku. Hedimasta ya kai rahoto a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, an buga hatimin karɓa a kan kwafinmu.

3 ga Yuni, 2024

Zaman yau kacokan a kan tambaya ɗaya ya ƙare: wace ƙofa za a ƙwanƙwasa?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Wani ɓangare mai tsoka na wannan kuɗi shi ne tallafin gine-gine da ake raba wa jihohi, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, naira da naira, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta miƙa jadawalin ayyukan da za ta yi da kuɗin, makaranta bayan makaranta, UBEC ta amince. Abin da wannan ke nufi a gare mu shi ne babu wani ofishi da zai karanta wasiƙarmu ya rubuta mana cek. Abin nema shi ne sunan makaranta ya shiga wannan jadawali, kuma hanyar shigarsa ta ofishin sakataren ilimi take bi.

Ƙofa ta biyu ƙarama ce amma ta fi sauri: shirin SBMC-SIP na inganta makarantu ta hannun SBMC, inda kuɗi ke shiga asusun kwamitin makaranta kai tsaye, al'umma ta yi aikin da kanta. Ta uku ita ce kasafin jiha zalla, ko aikin mazaɓa na ɗan majalisa. Wannan ba mu rufe ta ba, amma ba mu jingina da ita ba, tunda ba ta da ƙa'idar da za a bi a san ranar fitowa.

An yanke a raba buƙatar gida biyu. Rufin Gini B ya bi ƙaramar ƙofa. Gini A, da duk abin da ya shafi sabon gini, ya bi babba. Wasu membobi sun so a haɗa komai, har da katanga da rijiyar burtsatse, a takarda ɗaya. An ƙi. Takarda mai buƙata tara sai dai a karanta a ajiye, domin babu wani layi ɗaya a jadawali da zai ɗauke ta.

24 ga Yuni, 2024

Matsala ta farko ta fito daga inda ba a zata ba. Rajistar azuzuwa ta nuna yara 640. Alƙaluman makarantar da ke cikin kwamfutar sashen tsare-tsare, waɗanda ake tattarawa daga ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, sun nuna 410, kuma azuzuwa bakwai duka an rubuta su "masu kyau". An gano cewa shekara da shekaru ana kwafe fom ɗin ƙidaya daga na bara, ba a sake ƙirgawa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai zaɓar makarantun da za su shiga jadawali bai taɓa ganin harabarmu ba, lissafin yara nawa ke kowane aji yake dubawa. Da 410 a aji bakwai, kusan 59 ke nan a aji, kuma a ƙaramar hukumar akwai makarantun da suka ninka haka. Da 640, abin ya haura 90 tun kafin rufi ya tashi. Yanzu da aji biyar suka rage, 128 ne. Manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ta ce a firamare.

An sake ƙirga yara kai da kai, aji-aji, maza daban mata daban, kwana uku a jere, a gaban jami'in sa ido na yanki. Ya sa hannu, hedimasta ya sa, shugaban SBMC ya sa. An nemi a gyara alƙaluman a rubuce.

15 ga Yuli, 2024

Ranar Juma'a, 12 ga wata, ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Iyaye da dama sun zo da safiyar yau suna nuna tsagewar bangon Gini A, wadda kowa ya saba gani har an daina lura da ita.

Injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya duba. Ya ce siraran tsagogin da ke kan filasta ba su dame shi ba. Wadda ta dame shi ita ce ta aji na ƙarshe, da ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ta ratsa bulo har ana hango haske daga ciki, kuma ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa. Alamar ƙurya ɗaya ta ginin na nutsewa ke nan. Ya sa aka haƙa rami a gindin bangon: harsashin bai kai rabin mita ba, babu kankare a ƙarƙashinsa, ƙasar wurin laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Ruwan rufi yana zuba a gindin bango kai tsaye tunda babu daɓe a kewaye, ga saiwar darbejiya ta shiga ƙarƙashi.

Ya liƙa filasta kamar tafin hannu a kan tsagar a wuri huɗu, ya rubuta kwanan wata a gefe. In ta sake tsagewa, bango na tafiya. An kwashe yara daga ajin nan take, aka ɗaure ƙofar.

Wani memba ya kawo maganar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga wata kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko zai sa ƙaramar hukuma ta iya ɗaukar aikin. An rubuta a ajiye. Ba a sauya tsari ba.

19 ga Agusta, 2024

Uku daga cikin alamun huɗu sun tsage cikin mako biyar. Injiniya ya rubuta rahoto: a rufe Gini A duka, a rushe, a sake.

An yi muhawara sosai a nan, domin dattawa da yawa a ginin suka yi karatu, kuma a ido gyara ya fi araha. Mai ƙiyasta kuɗin gini ya fitar da lissafi biyu. Gyaran na buƙatar tona gindin bango gaɓa-gaɓa a zuba kankare a ƙarƙashi, a sake bango ɗaya gaba ɗaya, a zuba ɗamara, a sauya rufi da silin da daɓe da tagogi. Jimillarsa ta haura kashi biyu bisa uku na kuɗin sabon gini, kuma bayan an gama, sauran bangon tsohon bulo ne da ke marmashewa in an kankare shi da ƙusa. Kwamiti ya bi shawarar injiniya.

Ga ginshiƙan ƙiyasin sabon gini mai aji uku, kowane aji mita 7 a 8, da baranda: bulo mai inci 9 kimanin 2,700, wajen 700 daga ciki na harsashi ne, rufi kimanin murabba'in mita 285, daɓen kowane aji mai kaurin santimita 10 zai ci kankare kusan kubik mita 5.6, wato siminti buhu 34 zuwa 36 in an bi haɗin ɗaya, biyu, huɗu na siminti da yashi da tsakuwa. An ƙara daɓen kewaye mai faɗin mita ɗaya da magudanar ruwa, tunda rashinsu ne ya kashe tsohon ginin.

An rubuta yawan kaya a shafi ɗaya, farashi a wani shafin daban mai kwanan wata. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira, farashi ba ya zama wuri ɗaya. A Fabrairun bana buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu masana'antu aka ambaci 7,000 zuwa 8,000. Ƙiyasin da aka cakuɗa kaya da kuɗi, bayan wata uku sai an sake shi daga farko. Wanda aka raba, shafi ɗaya kawai za a sauya.

9 ga Satumba, 2024

An koma makaranta da aji biyu masu rufi. 'Yan aji ɗaya zuwa uku da safe, huɗu zuwa shida da rana, ragowar a rumfar zana da barandar Gini C. An rubuta wannan tsari an haɗa da fayil, da hotuna.

14 ga Oktoba, 2024

An dawo da fayil ɗin Gini A da tambaya guda: ina takardar fili?

Babu. Mahaifin mai unguwa na yanzu ne ya ba da filin da baki, a gaban shaidu da duk sun rasu. Ga gyaran rufi ba mai tambaya, amma sabon gini ba a son a kafa shi a inda gobe wani magaji zai kai ƙara kotu a dakatar da ɗan kwangila. Kuma da aka ja igiya, an tarar gonar maƙwabci ta ci kusan mita huɗu ta gefen gabas, daidai inda aka so a matsar da sabon ginin don kauce wa laka.

Matakan da aka bi: zama a gidan dagaci da magadan mai kyautar da maƙwabta huɗu, takardar tabbatar da kyauta da kowa ya sa wa hannu ko ya dangwala, sa hannun hakimi, sannan jami'in filaye na ƙaramar hukuma ya auna ya zana taswira, aka kafa turakun kankare a kusurwoyi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filin da ba na birni ba, kuma namu a nan ya faɗa. Maƙwabcin ya yarda ya janye bayan ya girbe dawarsa. An bar shi ya girbe.

2 ga Disamba, 2024

Fayil ya cika: wasiƙar kwamiti, alƙaluman yara da aka gyara, rahoton injiniya, ƙiyasi, taswirar fili, hotuna masu kwanan wata, da wasiƙar rakiya daga sakataren ilimi. An yi kwafi uku. Mutum biyu aka ɗora wa bibiya, kowane mako biyu su je da kansu su tambayi teburin da fayil yake, su rubuta. Zuwa da kai ya fi aike.

Labari mai daɗi da marar daɗi. Tallafin UBEC na 2024 ya tashi zuwa kimanin naira biliyan 3.5 ga kowace jiha, daga wajen biliyan 1.3 na 2023, saboda haka jadawalin zai ɗauki makarantu da yawa. Sai dai jerin da ƙaramar hukumarmu ta tura na wannan zagaye ya riga ya tafi a makonnin da muke neman takardar fili. Sai zagaye na gaba.

10 ga Fabrairu, 2025

An amince da rufin Gini B a ƙarƙashin SBMC-SIP. Sharuɗɗa: asusun banki da sunan kwamiti, ba da sunan mutum ba, gudummawar al'umma kashi 10 cikin 100, kuɗi ko kaya ko aikin ƙarfi, kuɗin kuma ba a sakin sa gaba ɗaya, sai an duba aikin kaso na farko a saki ragowar.

Asusun ya cinye mako uku. Ya daɗe ba a taɓa shi ba har banki ya dakatar da shi, ɗaya daga cikin masu sa hannu kuma hedimastan da aka sauya wa wurin aiki ne. Sai da aka kai takardar zaman da ya zaɓi sabbin masu sa hannu, da BVN na kowannensu, da wasiƙar gabatarwa. Duk kwamitin da ke shirin neman irin wannan tallafi ya leƙa asusunsa tun yau.

Gudummawar al'umma: yashi tifa biyu, tsakuwa tifa ɗaya, ruwa, da leburanci. An ƙiyasta kowanne da farashin kasuwa an rubuta a littafi, har kwanakin matasan da suka ɗebi ruwa.

7 ga Afrilu, 2025

An fara aiki bayan ƙaramar sallah, ana tsere da damina. An cire layin bulo na sama, an zuba ɗamarar kankare a kewayen ginin da rodi huɗu masu milimita 12. Tun kankaren na ɗanye aka dasa rodi mai milimita 6 a kowace mita ɗaya, wanda daga baya aka lanƙwasa ya rungume katakon kan bango da ƙafar kowane tsanin rufi. An yi kwana bakwai ana ba kankaren ruwa safe da yamma kafin a ɗora masa nauyi. A zafin Afrilu, kankaren da aka bari ya bushe da kansa ƙura yake zama.

Katako duka an shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, har bakin da aka yanka da zarto, wanda nan kafintoci suka fi mantawa. Kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55 aka saya. An auna shi da ma'auni a shagon, domin abin da aka rubuta a rasit da abin da ke cikin mota ba kullum suke zama ɗaya ba. Kashin farko da aka fito mana da shi bai kai ba, aka mayar. An rage fitowar rufin ta gefen gabas, inda iska ke bugowa, an rufe ƙarƙashin baranda ruf, an toshe kafofin da jemagu ke shiga.

16 ga Yuni, 2025

Rufin ya ga iska biyu masu ƙarfi bai motsa ba. An miƙa rasitai da littafin kashe kuɗi, masu dubawa sun zo, kaso na biyu ya fito, da shi aka yi silin da allo da gyaran tagogi. Aji huɗu ke aiki yanzu.

Gini A ya shiga daftarin jadawali, amma a layin "gyaran aji uku", ba "sabon gini" ba. Da alama wanda ya tattara jerin ya ɗauko kalmar daga kan wasiƙar farko ta watan Mayun bara, wadda ke saman fayil. Bambancin ba na lafazi ba ne. Kuɗin da ake ware wa gyara na rufi da filasta da fenti ne. Da an bar shi haka, ɗan kwangila zai zo ya toshe tsaga, ya shafa fenti, a mayar da yara ƙarƙashin bangon da injiniya ya ce a rushe, kuma makarantar ta fita daga sahun masu buƙata na shekaru. Da zarar an amince da jadawali, sauya layi ɗaya sai an sake neman izini daga sama.

An rubuta takardar gyara a ranar, aka maƙala rahoton injiniya da hoton alamun da suka tsage, sakataren ilimi ya rattaba hannu. Wasu sun ce a karɓi abin da aka samu kada a rasa duka. Kwamiti ya zaɓi ya jira wani zagayen in ta kama.

22 ga Satumba, 2025

Bai kai ga haka ba. Tawagar tantancewa ta zo a Yuli, ta ga ramin gindin bango da muka bari a buɗe da gangan, an kewaye shi da ƙaya, ta gyara layin. An buga tallar kwangila a jarida, makarantarmu na cikin rukuni ɗaya da wasu biyu: rushe tsohon gini, gina aji uku, da bencina. Daɓen kewaye ya shiga. Masai da katanga ba su shiga ba.

17 ga Nuwamba, 2025

An damƙa wa ɗan kwangila fili a gaban injiniyan hukuma, da sakataren ilimi, da dagaci. Kwamiti ya nemi kwafin zanen gini da jerin kayan aiki, an ba shi. Ba mu da ikon tsayar da aiki ko ba magina umarni. Abin da muke da shi shi ne littafin wurin aiki da lambar wayar injiniya mai sa ido, kuma duk ƙorafi a rubuce zai tafi.

An riga an yi amfani da shi sau ɗaya. Bulon farko da aka sauke, an ɗaga guda zuwa ƙirji aka sake shi, ya watse. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci 9 ba, masu son riba kuwa suna kai shi 45 ko fiye. A bulo 2,700, bambancin 30 da 45 buhu 30 ne cif. Injiniya ya zo ya gani, ya sa aka kwashe, yanzu a harabar ake buga bulon ana ba shi ruwa a gaban kowa.

An rushe Gini A. Tsohon kwano da tagogi kayan gwamnati ne, an ƙirga an rubuta an kulle, ba a raba wa kowa ba. An haƙa harsashi zuwa mita 1.2 inda aka samu jar ƙasa mai tauri, kuma ba za a zuba kankare ba sai injiniya ya auna zurfin da idonsa. Ranar Alhamis aka sa.

Abin da ke gaba: membobi biyu su kasance a wurin ranar zuba harsashi da ranar zuba ɗamara, su ƙirga buhunan da aka fasa, a tabbatar an rubuta kuɗin riƙo na kashi 5 cikin 100, wato abin da ake riƙe wa ɗan kwangila daga kuɗinsa, da wa'adin wata shida na gyaran duk aibin da ya bayyana bayan miƙa gini, a cike fom ɗin ƙidayar bana da aji huɗu masu aiki da uku da ake ginawa. Ko an gama, yara 640 a aji bakwai za su zauna. An buɗe sabon fayil na masai mai ƙofa shida, uku na mata uku na maza, an haɗa da kwafin taswirar fili, za a kai ofishin sakataren ilimi kafin ƙarshen wata.